Abin da Faifai Ke Ji a Ƙarƙashin Ƙasa

 Yau da kaya na shigo ɗakin watsa shiri. A gabana kan tebur akwai kwabo mai huji irin na zamanin Turawa, da wata tsohuwar ƙusa da tsatsa ta cinye, da zoben azurfa, da murfin kwalbar lemo. Jingine da bango kuma ga wata sanda mai faifai a gindinta da ɗan akwati kusa da mariƙinta. Injin gano ƙarfe a cikin ƙasa ke nan. Aronsa na yi a wajen wani abokina da ya yi karatu a Ingila, ya ɗauko wannan sha'awa a can ya dawo da ita gida. Duk wanda ya gan ni da shi a hanya tambayarsa ɗaya ce: «Malam, wannan ne mai gano zinare?» Wannan tambaya ce za mu bi a yau, sannu a hankali.

A Ingila da Amurka da Ostareliya, yawo da wannan inji sha'awa ce, kamar yadda wani a wajenmu ke kiwon tantabaru ko fita farauta bayan kaka. Ranar hutu za ka ga dattijo ya saka takalmin ruwa, ya rataya jaka, ya shiga gonar da aka gama girbi bayan ya nemi izinin mai ita, yana tafe yana kaɗa sanda dama da hagu tun safe har la'asar. Yawancin ranaku abin da yake komawa gida da shi bai wuce maɓallin riga ba, da guntun dalma, da wani kwabo da ya yi kore. Kuma yakan koma da farin ciki.

Amma jifa-jifa ƙasa takan buɗe baki. Ranar 16 ga Nuwamba, 1992, a wani ƙauye mai suna Hoxne a yankin Suffolk, wani manomi ya yar da gudumarsa a gona, ya roƙi abokinsa Eric Lawes ya zo da injinsa ya taya shi nema. Lawes ya yi ritaya, injin ma kyauta aka ba shi lokacin barin aiki. Yana cikin neman guduma sai ya fara tono cokulan azurfa da sarƙoƙin zinare da sulalla na zamanin Rumawa. Da ya cika leda biyu, ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya tsaya. Aka sanar da 'yan sanda da hukuma. Washegari masana binciken kayan tarihi suka zo suka kwashe sauran da hannunsu. Da aka ƙirga, tsabar kuɗi 14,865 ne, ban da wasu kayan zinare da azurfa wajen 200. Ku riƙe mini wannan tsayawa da mutumin ya yi, za mu dawo kanta.

To, me ke cikin faifan nan? Waya ce a nannaɗe, kashi biyu. Ɗaya tana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, tana kaɗa shi sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. In ya ci karo da ƙarfe, sai ya tayar da wata 'yar wutar lantarki mai kewaye jikin ƙarfen, ita kuma ta maido da nata maganaɗisun. Ɗaya wayar aikinta sauraro. Kamar mutum ne ya yi kira a bakin rijiya ya kasa kunne. Amsar takan ɗan makara, kuma daga wannan makara injin ke hasashen irin abin da ya amsa. Sai ya ba ka ƙara a kunne, a kan ɗan allonsa kuma ya nuna lamba, a injuna da yawa daga 0 zuwa 99.

Bari ku ji da kunnenku. Ga ƙusa.

(Sautin inji: gurnani mai kauri)

Kun ji gurnani. Baƙin ƙarfe ke nan. Yanzu ga zoben azurfa.

(Sautin inji: ƙara siririya)

Siririyar murya, tsaf, kamar ƙararrawar keke. Azurfa da jan ƙarfe su ne wuta ta fi gudu a jikinsu, shi ya sa suke can saman lamba. Yanzu sai ku ce zinare, da yake shi ne sarki, ai shi zai fi kowa hawa sama. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Zoben zinare ƙarami ne, kuma akasari an gauraya shi da wasu ƙarafa. Ɗanyen zinare na cikin ƙasa kuwa yawanci ƙwaya ce mara siffa, wani lokaci bai kai ƙwayar dawa ba. Saboda haka muryarsa takan faɗo tsakiya ko ƙasa-ƙasa, daidai inda takardar alminiyom ta kwalin sigari da hancin buɗe gwangwanin lemo suke. Injin ba ya iya rantse maka cewa wannan zobe ne, wancan shara. Akwai maɓallin da za ka murɗa ka ce masa ya yi shiru a kan tarkacen alminiyom, kuma zai yi. Sai dai ranar da ka bi ta kan zoben zinare ma shirun zai yi. Shi ya sa tsofaffin hannu a wannan harka suke cewa mai neman zinare sai ya yarda ya tone shara, rami bayan rami.

Wannan hali na injin, na faɗin abin da ya ji ba abin da kake so ba, tun asali yake da shi. A 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, harsashin ya maƙale a jikinsa, likitoci suka rasa inda yake. Alexander Graham Bell, wanda aka sani da tarho, ya haɗa wata na'ura mai aiki da irin wannan dabara ya zo da ita. Na'urar ta yi ta ƙara ba a gane kanta ba. Ashe gadon da shugaban ke kwance a kai na da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashi. Ga shi kuma babban likitan ya dage cewa a gefen dama kaɗai za a duba, alhali harsashin na hagu. Garfield ya rasu a watan Satumba na shekarar.

Na ga irin wannan da idona, a ƙaramin mataki, ranar da muka fita gonar abokin nan nawa bayan an cire gero. Bai bar ni na fara yawo ba. Cewa ya yi mu fara da abin da muka sani. Muka haƙa ramuka biyar a jere, kowanne zurfin taƙi ɗaya, muka binne kayan nan da ke gabana, muka kafa kara a kan kowanne. A rami na biyar ya sa wani zoben azurfa da wata ƙusa tare, kusa da juna. Ya kunna injin, sai ya fara wani surutu kamar ana suyar gyaɗa. Ƙasar wurin ja ce, mai marmara, kuma irin wannan ƙasa cike take da ƙarfe a cikin jikinta, don haka ita kanta amsawa take yi. Ya danna maɓalli, ya riƙa ɗaga faifan yana saukewa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, har surutun ya kwanta. Wannan shi ake kira daidaita inji da ƙasa. Wanda bai iya shi ba, ko injin miliyan nawa ya riƙe, wahala kawai zai sha.

Sannan ya miƙo mini. Kuskuren farko da na yi shi ne na kowane sabon shiga: na riƙa lilo da faifan, yana ɗagawa a ƙarshen kowace kaɗawa. Ya riƙe hannuna ya ce: «Ɗan'uwa, kamar mai sharar tsakar gida za ka yi. Faifan ya kusa shafar ƙasa, ya tafi a kwance daga nan har can, kuma kowace shara ta hau kan rabin ta baya.» Da na gyara, kwabon ya amsa da murya mai tsabta. Muka tone shi muka mayar da shi a tsaye, a kan gefensa. Kwabo ɗaya, rami ɗaya, zurfi ɗaya, amma sai da na wuce sau uku kafin na ji ɗan ƙyas. Murfin kwalba kuwa maƙaryaci ne. In ka bi ta kansa daga gabas zuwa yamma sai ya rera maka muryar kuɗi. Ka juya ka bi daga kudu zuwa arewa, sai muryar ta karye, gurnani ya biyo ta a wutsiya. Daga ranar na riƙe cewa ba a yarda da ƙara sai an gitta mata ta fuska biyu. Abin kirki yakan maimaita magana ɗaya ko ta ina ka zo masa.

Rami na biyar shi ya fi tsaya mini a rai. Na san zoben azurfa na ciki, ni na ga an sa shi. Amma gurnanin ƙusa kaɗai nake ji, ta rufe shi ruf. Sai da na rage sauri sosai, na riƙa ɗan girgiza faifan a wuri ɗaya, sannan siririyar muryar ta leƙo ta bayan gurnanin. A kufai ko tsohuwar kasuwa, inda ƙusoshi da guntayen ƙarfe suka cika ƙasa, haka abubuwa masu daraja ke ɓuya a inuwar tarkace, mutum goma su wuce ta kansu.

Mu zo kan kwatanta injuna, tunda na san abin da wasunku ke jira ke nan. Gida biyu ne manya. Na farko, wanda za ka ga an rubuta VLF a jikin kwalinsa, shi ne irin wanda ke hannuna: yana aikawa yana saurare ba tsayawa, ya iya bambance ƙarafa, ba shi da nauyi, batirinsa na daɗewa. Rauninsa ƙasa mai yawan ma'adini da yashin bakin teku mai gishiri. Na biyu, mai alamar PI, bugu yake aikawa ya yi shiru ya saurara, ya sake bugawa. Jar ƙasa ba ta cika ruɗa shi ba, kuma yana kaiwa zurfi. Amma bai iya tantancewa sosai ba, ƙusa da zinare duk kiranka zai yi. A dajin da ba a taɓa zama ba wannan ba matsala ba ce. Ka shiga da shi tsohon gari kuwa, kafin azahar ka tone ƙusa ɗari.

A cikin gidan farko ma akwai bambancin saurin kaɗawa, wanda ake aunawa da kilohaz. Mai kaɗawa a hankali, kamar 5, ya fi jin manyan abubuwa na azurfa da jan ƙarfe a zurfi. Mai sauri ya fi jin ƙananan ƙwayoyin zinare a kusa da sama, shi ya sa Gold Monster 1000 na kamfanin Minelab ke aiki a 45, Gold Bug 2 na kamfanin Fisher kuma a 71. Da Minelab, wanda ke Ostareliya, ya fito da Equinox a 2018, mai kaɗawa iri-iri a lokaci guda kuma a farashin da matsakaicin mai sha'awa zai iya, sai kasuwar ta juya. Yanzu XP na Faransa yana da Deus II, wanda faifansa ba ya buƙatar waya kuma nauyinsa wajen kilo ɗaya ne. Nokta na Turkiyya yana da Legend, da ƙaramin Simplex na masu farawa. Garrett na Amurka, wanda aka kafa tun 1964, jerin injunansa na Ace sun koya wa ɗimbin mutane wannan harka. Kada ku raina maganar nauyi. GPZ 7000, babban injin zinare na Minelab, ya haura kilo 3, sai an rataya shi da ɗamara. Abin da za ka kaɗa awa shida a rana, kafaɗarka ce za ta ba ka labarinsa da dare.

Faifai ma ana sauya shi. Babba ya fi zurfi a kan babban abu kuma ya fi cin fili, ƙarami ya fi shiga tsakanin tarkace ya zaro abu ɗaya. A ra'ayina, mai farawa ya sayi matsakaicin inji na gaskiya, ya ƙara da abin sauraro na kunne da ɗan ƙaramin injin hannu mai kama da tocila da ake zurawa cikin rami, sannan ya ba shi wata shida yana koyon muryarsa. Zai fi wanda ya sayi mafi tsada ya fita da shi washegari. Terry Herbert, wanda ya gano taskar Staffordshire a watan Yuli na 2009, zinare sama da kilo 5 da aka yi wa kuɗi fam miliyan 3.285, ya shekara 18 yana wannan yawo kafin ranar ta zo.

Sai maganar zurfi, inda 'yan damfara suka kafa rumfa. Ku saurara da kyau. Injin kirki yana jin kwabo a zurfin santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Babban abu kamar tukunyar ƙarfe zai ji shi fiye da haka, wataƙila mita ɗaya ko sama kaɗan. Dalili kuwa, in nisa ya ninka, amsar ba rabi take raguwa ba, sau gommai take raguwa. Ko shahararren curin zinaren nan mai kilo 27 da Kevin Hillier ya gano a Ostareliya a 1980, wajen santimita 30 kawai yake a ƙasa. Don haka duk wanda ya nuna maka wani akwati mai eriya yana juyawa, ya ce yana hango zinare daga nisan kilomita ko a zurfin mita hamsin, riƙe kuɗinka. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe irin wannan na'ura mai eriya da sunan tana gano bam. Ba abin da ke aiki a cikinta, an samo siffarta ne daga wani abin wasa na neman ƙwallon golf. An tsaya da ita a shingayen bincike, rayukan mutane sun dogara a kanta. Ban da wannan akwai jabun injuna masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, fenti ɗaya, kwali ɗaya, ciki fanko. Kafin ka biya, ka sa a binne maka abu a ƙasa ka gwada, kada ka yarda da kaɗa zobe a iska a cikin shago.

Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye, domin a yankinmu injin nan ba da rigar sha'awa ya shigo ba, da rigar neman abinci ya zo. Daga wajen 2009 ya bazu a hamadar Sudan a hannun masu neman zinare. A 2014 labarin zinaren Djado da na Tchibarakaten a arewacin Nijar ya tashi, matasa daga Agadez da Zinder da Maraɗi har da arewacin Najeriya suka kama hanya. Wasu sun samu, ba a musu. Wasu kuma gona ko shanu aka sayar aka haɗa musu kuɗin inji, suka je da abin da ba su san muryarsa ba, ko wanda tun farko jabu ne. Ina jin zafin wannan ƙwarai, domin sanin da zai tsare su bai fi abin da muka faɗa a rabin sa'ar nan ba.

Akwai kuma asarar da ba ta aljihu ba. A 2020 masana kayan tarihi na Sudan suka isa wani wuri mai suna Jabal Maragha, a hamadar Bayuda, kimanin kilomita 270 arewa da Khartum, mazauni mai shekara wajen 2,000 tun zamanin daular Kush. Suka tarar da mutane da motocin haƙa biyu sun yi rami mai zurfin mita 17. Wurin ya tafi, ba sauran abin da za a karanta. Abin da ya kira su kuwa, a bayanin masanan, dutsen wurin ne mai wani ma'adini mai ƙarfe a jiki, wanda ke sa inji ƙara. Injin ya ce akwai abu mai amsawa, su suka ce zinare ne.

Kafin na manta, wata magana ta rai da mutuwa. Injin nan ɗan'uwan na sojoji ne. Wani hafsan Folan, Józef Kosacki, ya ƙera na gano nakiya a 1941, aka yi aiki da shi a yaƙin El Alamein a Masar a 1942. Nakiya da harsashin da bai fashe ba su ma ƙarfe ne, kuma suna amsawa da murya mai daɗi. 'Yan'uwa na Borno da Yobe da Diffa da duk kewayen Tafkin Chadi, don Allah kada a shiga da inji inda aka yi faɗa. In ka ga ƙarfen da ba ka gane ba, kada ka taɓa, ka ja da baya ta sawun da ka zo, ka sanar da jami'an tsaro.

Doka ma tana nan. A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙar neman kayan tarihi ba da izininta ba, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce ma'adinan ƙasa na hannun gwamnatin tarayya, sai da lasisi. Maƙabarta da ganuwa da kufan magabata ba wuraren gwajin inji ba ne. Gonar wani kuma sai da yardarsa, kuma in ka tone ka mayar da ƙasa yadda ka same ta, kada dabba ta karye a ramin da ka bari.

A Ingila sun yi wa abin tsari. Dokar taska ta 1996 ta ce wanda ya tsinci abin da ya haura shekara 300 mai zinare ko azurfa a jiki, ya kai rahoto cikin kwana 14. In gidan tarihi na so, a yi masa kuɗi a biya, yawanci a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Wasu mutum biyu da suka ɓoye wata babbar taska da suka tono a Herefordshire a 2015 suna sayarwa a ɓoye, kurkuku suka ƙare a 2019, kuma yawancin tsabar kuɗin ba a sake ganinsu ba.

Shi kuwa Eric Lawes, saboda ya tsaya a leda biyu, masana sun samu kayan a kwance yadda mai su ya jera su. Suka gane akwatin katako ne, da ƙananan akwatuna a cikinsa, har da 'yan kwaɗuna na azurfa. Suka ga ragowar ƙyalle da ciyawar da aka yi wa kwanuka matashi da ita don kada su gogi juna. Daga sulallan ƙarshe suka san ba a binne shi kafin shekarar 407 ba, daidai lokacin da mulkin Rumawa ke sakin Biritaniya. Wataƙila wani mai gida ne, ko uwargida, ya zauna ya naɗe cokulansa ɗaya bayan ɗaya da niyyar dawowa, bai dawo ba. Da an kwashe da shebur cikin dare, da nauyin azurfa kaɗai za a sani. An biya fam miliyan 1.75, Lawes ya raba da abokinsa manomi. Gudumar ma daga baya an gano ta, tana Gidan Tarihin Biritaniya a Landan tare da taskar.

Lokaci ya cim mana, ni kuma zan mayar wa mai inji injinsa.